Sifili Ma Rahoto Ne

A watan Yulin 2016 Najeriya ta cika shekara biyu cif ba a samu yaro ko ɗaya da ƙwayar shan inna ta daji ta kama ba. Har an fara lissafin ranar da za a ce mun rabu da ita. Wata na kamawa, cikin Agusta, sai ga yara biyu a Jihar Borno, ɗaya a Gwoza ɗaya a Jere, cutar ta shanye musu gaɓoɓi. Da aka duba ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, sai aka ga jinin wadda aka gani ce a Borno tun 2011. Wato ba daga wata ƙasa ta shigo ba. Tana nan kusan shekara biyar tana bin yara a garuruwan da rikicin Boko Haram ya rufe asibitocinsu, ya kori ma'aikatansu. Ba rahoto ke fitowa daga can ba, mu kuma a nan muka ɗauki shirun a matsayin lafiya.

A kan wannan shirun nake son mu tattauna, 'yan uwana ɗalibai. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na difloma, ɓangaren adana bayanan lafiya, kwas ɗin da 'yan injiniya ke tsokanarmu da cewa mun zo makaranta koyon jera fayil. To, ku saurara ku ji abin da ke cikin fayil ɗin.

Kowace ƙasa tana da tsarin sa ido kan cututtuka. A taƙaice, tsari ne da zai sa abin da ma'aikaciyar lafiya ta gani a wani ƙaramin asibitin ƙauye ranar Talata ya kai kunnen wanda ke da ikon tura magani da allurar rigakafi tun kafin cutar ta cinye unguwa. Namu tsarin annoba ce ta haife shi. Bayan zazzaɓin shawara ya yi ɓarna a 1986 da 1987, ba a kuma farga da wuri ba, sai aka kafa tsarin sanar da cututtuka na ƙasa a 1988. A 1996 sanƙarau ya ratsa Arewa, ya kama sama da mutum dubu 100, ya kashe sama da dubu 11; ku tambayi iyayenku, ba su manta ba. A 1998 reshen Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito da tsarin da ake kira IDSR, wanda ya ce maimakon kowace cuta ta zama da nata fom da nata jami'i da tata hanya, a haɗe su wuri guda. Najeriya ta karɓe shi a 2001. Hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda yanzu ita ce uwar tafiyar, an kafa ta a 2011, amma sai a Nuwamban 2018 aka sa hannu a dokar da ta ba ta cikakken iko. A sama da wannan duka akwai dokokin lafiya na duniya na 2005, waɗanda suka wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 da zarar ta auna ta ga abin da ya ɓulla zai iya tsallaka iyaka.

Tarihi ke nan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne me ƙa'idar ta ce a yi a kan teburin asibiti.

Farko dai ta daidaita mana baki. Idan a Sakkwato aka ce ƙyanda, a Kalaba ma aka ce ƙyanda, dole ya zama abu ɗaya ake nufi, in ba haka ba haɗa alƙaluman jihohin biyu kamar haɗa mudun gero ne da kwalbar manja a ce an samu jimilla. Saboda haka kowace cuta aka rubuta mata ma'anarta a gajarce. Wanda ake zargin ƙyanda: duk mai zazzaɓi da ƙuraje a jiki, tare da tari ko majina ko jan ido. Shi ke nan. Ba a ce sai likita ya tabbatar ba, ba a ce sai an ga sakamakon gwajin jini ba. Ta shan inna ta ma fi wannan faɗi: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannu ko ƙafa ta saki masa farat ɗaya ta yi laƙwas, a kai rahoto. A ɗebi bahayansa sau biyu, tsakani aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin ƙanƙara a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri.

Da gangan aka buɗe ƙofar haka. Yawancin waɗannan yara za a gwada a ga ba shan inna ba ce, kuma hakan ake so. Har ma akwai awo: cikin kowane yara dubu 100 'yan ƙasa da shekara 15, ana sa ran a samo aƙalla biyu a shekara masu irin wannan shanyewar da ba shan inna ta kawo ta ba, domin akwai wasu cututtukan da ke kawo ta. Ƙaramar hukumar da ta yi shekara ba ta kawo ko ɗaya ba, ba yaba mata za a yi ba, tambayarta za a yi ko idonta biyu. Ni wannan dabarar ta burge ni wallahi: ana gane mai gadi yana aiki ne da yawan karnukan da ya gani, ko da ɓarawo bai zo ba.

Matsalar ita ce ma'aikaci mai kunya ko mai tsoron oga ba ya son ya ce ƙyanda a zo a gwada a ce ba ita ba ce. Sai ya jira ya tabbatar. Wannan jiran shi ne abin da ƙa'idar ta zo ta hana.

Sai maganar lokaci da hanya. Cututtukan da kan zama annoba, irin su kwalara, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin shawara, zazzaɓin Lassa da mashaƙo, nan take ake sanar da su, kada a wuce awa 24, ko da ta waya ce, takarda ta biyo baya. Fom ɗin mutum ɗaya shi ne 001A. Wanda ke raka samfur zuwa ɗakin gwaji 001B. In marasa lafiyar sun yi yawa sai a jera su layi-layi a 001C. Akwai na mako-mako, 002, da na wata-wata, 003. Daga asibiti rahoto zai tafi wurin jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda kowa ke kira DSNO, daga shi zuwa jami'in annoba na jiha, daga jiha zuwa Abuja. Makon ma nasu daban ne, daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, kuma kowanne da lambarsa, don kada mako na 12 na Katsina ya zama na 13 a Jigawa.

Yanzu ga inda taken rubutun nan ya fito. A fom ɗin mako-mako, in asibiti bai ga mai kwalara ko ɗaya ba, ba barin gurbin zai yi fayau ba. Sifili zai rubuta, ya sa hannu, ya aika a kan lokaci kamar yadda zai aika in mutum goma ya gani.

Lokacin da na yi SIWES a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma, na zauna wata huɗu kusa da teburin DSNO, wani dattijo mai tsohon babur da jakar fata. Wata Litinin wani matashin ma'aikaci ya kawo fom daga asibitinsu, gurabe duk a buɗe, sai sa hannu a ƙasa. Dattijon ya miƙa masa abinsa.

Ya ce, "Baba, ai ba mu ga komai ba ne."

"To rubuta ba ku gani ba."

"Ai duk ɗaya ne."

Sai ya juyo wurina ya ce, "'Yata, ke da kike karatun abin, ɗaya ne?" Na ce a'a, Baba. Ya ce wa yaron, "In ka sa sifili, ka ce min ka buɗe rajista ka duba. In ka bar shi haka, ban sani ba ko ka duba, ko ba ka zo aiki ba, ko asibitin ma a kulle yake."

Mu a al'ada mukan ce shiru ma amsa ce. A wannan aikin ba amsa ba ce. Shi ya sa ake auna kowace ƙaramar hukuma da abu biyu: asibitoci nawa cikin ɗari suka aiko, nawa kuma suka aiko a kan lokaci. Abin da ake nema aƙalla 80 cikin 100.

Wani zai ce, to asibiti ɗaya ko biyu in sun yi shiru me zai faru? Mu yi lissafi da sanƙarau, tunda shi ne baƙonmu na kowace bazara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankin da ke da mutum dubu 30 zuwa dubu 100, in aka samu mutum 3 cikin dubu 100 a mako guda, a shiga shiri. In ya kai 10 cikin dubu 100, annoba ce. Ku ɗauki yanki mai mutum dubu 50. Mutum biyar a mako sun isa a ce annoba. A ce asibitoci biyar ne a yankin, kowanne ya ga mutum ɗaya. Ba wanda zai tayar da hankali a cikinsu, mutum ɗaya ne fa. Sai an tara a teburin DSNO biyar ɗin za su fito. In biyu ba su aiko ba, uku za a gani, a ce a dai sa ido, alhali wuta ta riga ta kama. Allurar gaggawa kuwa ba a shago ake sayenta ba. Akwai rumbun duniya da aka kafa a 1997, bayan waccan annoba ta 1996, kuma kafin a ba ƙasa sai ta nuna alƙaluma, ta kuma nuna wane nau'in ƙwayar ne ɗakin gwaji ya gano. Af, shi kansa dubu 50 ɗin ƙiyasi ne, domin rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, ina 'yar ƙarama. Wannan wani zancen ne.

Mun ga haka a zahiri. Sanƙarau ya fara a Zamfara a ƙarshen 2016, amma sai a Fabrairun 2017 labari ya kai matakin ƙasa yadda ya kamata. Nau'in C ne, alhali allurar da aka yi wa jama'a a Arewa tun daga 2011 ta nau'in A ce. Kafin a shawo kansa a tsakiyar 2017, an lissafa sama da mutum dubu 14 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 sun rasu, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Fom yana nan a lokacin, ma'anar cutar tana rubuce, hanyar da rahoto zai bi kowa ya san ta. Makonnin da suka salwanta a tsakani su ne abin tambaya.

A ganina babbar wahalar ba a rubuta ƙa'ida take ba, a yawan iyayen gida take. Ku duba gari ɗaya kawai. Asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya ne. Babban asibiti yana ƙarƙashin hukumar asibitocin jiha. Asibitocin sha-ka-tafi suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko. Na bariki na sojoji ne ko 'yan sanda. Ga na kuɗi, ga na ƙungiyoyin addini, ga na 'yan agaji a sansanonin gudun hijira. Kowanne da wanda ke biyansa albashi, kuma mutum wanda ke biyansa yake jin tsoro. Shi kuwa DSNO ƙaramin ma'aikaci ne na ƙaramar hukuma. Shi ake so ya shiga asibitin koyarwa ya ce wa babban likita a ba shi rajista ya duba. Wani wurin a karɓe shi hannu bibbiyu, wani wurin a bar shi a benci har azahar. Ita ma NCDC ba ita ke ɗaukar ma'aikatan jihohi ba, ba ita ke korar su ba. Tana tsara ƙa'ida, ta horar, ta taimaka, amma aiwatarwa a hannun jihohi 36 da Abuja da ƙananan hukumomi 774 take.

Asibitocin kuɗi nasu uzurin daban ne. Cika fom ba ya kawo ko sisi, kuma mai asibiti yana tsoron a ji an ce an samu Lassa a wurinsa, marasa lafiya su watse. Sannan ga tulin takardu a kan ma'aikaci ɗaya: rajistar masu zuwa a duba su, ta rigakafi, ta awon ciki, fom ɗin zazzaɓin cizon sauro, na tarin fuka, na wata-wata da ake shigarwa a DHIS2, kowanne da mai zuwa karɓa. Wanda mai karɓarsa ke zuwa da ɗan kuɗin mota shi ake fara cikawa. Ba na zargin kowa, mace ɗaya ce a asibitin, ga layin mata da goyo har waje. Amma an ce a haɗe, har yau haɗewar ba ta gama haɗuwa ba.

Akwai kuma wanda ya fi duka ɓata min rai, wato tsoron suna. Kalmar kwalara tana da nauyi a kunnen mai mulki, sai ka ji an fi son a ce amai da gudawa ne kawai, ana bincike. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan bisa ƙididdigar waɗanda ake zargi, ta kashe sama da 3,500. Duk jami'in da ya ga an harari wanda ya kawo mugun labari, gobe shi ma zai yi nauyin baki.

Kada ku ce ba abin da ke tafiya daidai. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh, likita a asibitin kuɗi, ta yi zargin cutar, ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, aka sanar da hukuma. Ita kanta cutar ta yi ajalinta. Aka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, kullum ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a ƙasar da ake tsoron dubbai za su mutu, ranar 20 ga Oktoba kuma aka ayyana Najeriya ta rabu da ita. Ita ma shan innar da na fara da ita, bayan an koma an bi Borno lungu-lungu, ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta daji.

Daga darasin Ebola aka ƙirƙiro manhajar SORMAS, haɗin gwiwar masana na Najeriya da na Jamus. DSNO zai shigar da bayanin mara lafiya a waya ko ƙaramar kwamfutar hannu, jiha da Abuja su gani a lokaci guda, ɗakin gwaji ya sa sakamako a nan, ba sai an jira direba ya kawo ambulan ba. An yi aiki da ita a ɓarkewar ƙyandar biri ta 2017, zamanin korona kuma aka baza ta ko'ina a ƙasar. 'Yan kimiyyar kwamfuta, ga filinku nan. Sai dai ku sani, manhaja ba ta san abin da ba a rubuta a rajista ba. Kuma na ga yadda ake hawa tudu neman sabis, na ga yadda ake kai na'ura shagon mai caji, na ga data ta ƙare ranar da ake buƙatarta. Mutum ɗaya kuma yakan shiga sau biyu, a nan Muhammad, a can Mamman, a asibiti na uku Muhammadu, shekaru kuma "kamar talatin". Gyara wannan shi ne jera fayil ɗin da ake mana dariya a kai.

Duk wannan fa ga wanda ya je asibiti ne. Mu kuwa mun san kanmu: zazzaɓi kemis ake fara kai shi, ƙafar yaro in ta saki wurin mai ɗori ko mai magani ake nufa, wani a ce iska ce. Saboda haka tsarin ya tanadi masu ba da labari a cikin al'umma, irin su masu unguwanni, limamai, ungozoma, wanzamai da masu kemis, har da littafin rubuta jita-jita a ofishin DSNO. Eh, jita-jita. In aka ji ana cewa yara na mutuwa a wani ƙauye, a rubuta, a je a gani. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna jijjiga, maganin zazzaɓi ba ya yi musu. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Ba cuta ce mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ba, ba wanda ke jiran ta a fom ɗin mako, kuma sabbin kaburburan yara sun riga kowace rajista sanin labarin. Ƙa'idar yanzu ta ce duk wani abin da ba a saba gani ba, ko ba a san sunansa ba, a sanar.

Dabbobi ma suna cikin lissafin, domin murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Jihar Kaduna a 2006 likitocin dabbobi ne suka fara ganinta, su kuma ma'aikatarsu daban. Haka iyaka: mai sanƙarau a Damagaram ranar kasuwar Maigatari yana Jigawa, rahotonsa kuwa Yamai zai nufa da Faransanci, namu ya nufi Abuja da Turanci.

A 'yan shekarun nan an shigo da wani awo mai sauƙin riƙewa, 7-1-7, wanda aka gabatar a 2021, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara gwada shi. Kwana bakwai a gano cuta ta ɓulla, kwana ɗaya a sanar, kwana bakwai a kammala matakan farko. Abin da nake so da shi, yana tilasta a zauna bayan kowace ɓarkewa a ce, a ina kwanakin suka tafi? Wurin mai magani? A aljihun ma'aikacin da ba shi da kuɗin kira? Ko samfur ne ya kwana uku yana jiran mota?

Kwana bakwai na farkon nan, wani lokacin a hannunmu suke. Mu da muke kwana takwas a ɗakin mutum huɗu, muna shan ruwan tanki ɗaya, muna cin abinci a bukka ɗaya, irin wurin da sanƙarau da kwalara da mashaƙo ke so ke nan. Asibitin kowace makaranta yana cikin wata ƙaramar hukuma, kuma akwai DSNO da ya kamata ya riƙa karɓar fom ɗinsa duk mako. Ina ba wa kwamitin walwala na ƙungiyar ɗalibai shawara su je su tambaya cikin ladabi ko namu yana aikawa, kuma wa ke cikawa in an tafi hutu ko yajin aiki. Mu kuma, in mutum uku a layinku suka kwanta da gudawa kamar ruwan shinkafa a yini ɗaya, ko wani ya tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, kada a tsaya haɗa kuɗin kemis. A kai shi asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin cewa ba shi kaɗai ba ne, a faɗi lambar ɗakin da ranar da na farko ya fara. In dare ne ko an rasa wanda za a gaya wa, NCDC tana da layin kira kyauta, 6232.